Jinin da Ya Hana Mai Kushin Sakat

A layin masu sana'a da ke bayan tashar mota, tsakanin shagon walda da na mai gyaran fanka, akwai wani shago da kullum za ka tarar da kujeru sun yi ƙafafu sama a bakinsa kamar an kayar da su a kokawa. Mai shagon ya ba hamsin baya. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kuma in yana aiki a baki yake tara ƙananan ƙusoshi, shi ya sa gaisuwarsa ta rana ba ta wuce “uhm”. Kowa Mai Kushin yake ce masa, har matarsa in ta so tsokana.

Tun yana saurayi ya shiga sana'ar, a hannun wani dattijo mai faɗan tsiya wanda ya koya masa yankan soso da jan yadi ya miƙe ba tattara. Kujerar falo, ta mota, ta mai aski, babu wadda ba ta bi ta hannunsa ba. Yakan ce in ka kawo masa kujera ba sai ka gaya masa halin mai ita ba, inda ta loɓa ya isa shaida. Da wannan sana'ar ya yi aure, ya kama hayar ɗaki da falo, ya yi ta fama har ya aurar da babbar 'yarsa.

Abu biyu aka san shi da su. Na farko, in ya ce maka ka dawo gobe, to ka nemi tabarma ka shimfiɗa a falonka, don kujerarka ta tafi hutu. Na biyu, alfahari da lafiya. Bai taɓa kwanciya a asibiti ba, kuma ba ya barin kowa ya manta da haka.

“Ni da asibiti,” in ji shi, “sai dai in kai musu benci.”

Akwai kuma na uku, wanda matarsa kaɗai ta sani: in ya shiga banɗaki da safe sai an yi kamar za a aika a nemo shi. Can ne kawai wurin da ba mai zuwa ya tambaye shi ina kujerarsa, saboda haka yakan shiga da wayarsa ya baje.

To a can ɗin ne abin ya same shi. Wata safiya ya gama, ya miƙe, ya waiwaya kamar yadda kowa ke waiwayawa ba tare da ya faɗa ba, sai ya ga ja. Jini ne sosai, ba na wasa ba. Ya tsaya da wando a hannu yana kallo. Ya ce wa kansa barkonon jiya ne. Washegari ya ƙaurace wa barkono, jini bai ƙaurace masa ba.

Nan take ubangidansa ya faɗo masa a rai. Dattijon nan mai faɗa, wanda muryarsa ke kaiwa ƙarshen layi, ya rame a 'yan watanni har rigarsa ta koma kamar an rataye ta a ƙusa. Bayan an binne shi ne aka riƙa raɗa cewa ciwon daji ne na hanji, kuma da jini ya fara. Mai Kushin bai tsaya neman ƙarin bayani ba. Ya yanke wa kansa hukunci, ya fara shirin tafiya.

Mutum mai shirin tafiya kuwa halinsa canzawa yake yi. A mako guda ya gama kujerun da suka shekara a shagon. Ya riƙa kiran masu su yana cewa su zo su ɗauka. Wani mai tasi da ya riga ya fid da rai ya zo ya zagaya kujerar motarsa, ya danna, ya zauna, sannan ya dube shi ya ce, “Lafiya dai ko?”

A gida abin ya fi muni. Ya ci abinci ya ce wa matarsa an gode, Allah ya yi albarka. Ta ajiye ludayi.

“Me ka yi?”

“Kamar yaya me na yi?”

“Shekara nawa ina dafa maka abinci, ban taɓa jin an gode ba, sai dai gishiri ya yi yawa. Faɗa mini tun ban ji a waje ba.”

Ya buɗe baki, maganar ta zo har maƙogwaro, ta ga hanya ba kyau ta koma. Mutumin da zai iya yini yana ciniki a kan yadi ɗaya, ya kasa gaya wa uwar 'ya'yansa ta inda jini ke fita. Sai ya ce, “Ki riƙa haƙuri da yaran nan, komai na duniya ɗan lokaci ne.” Ta bi shi da ido har ya fita.

Da ta ciki ta ishe shi, sai ya nufi maƙwabcinsa mai walda. Wannan dogo ne, aminin shekara da shekaru, amma bugun ƙarfe ya cinye masa rabin ji, don haka ko sirri zai yi sai an ji a tasha. Mai Kushin ya jira ya kashe injin, ya matsa kusa da kunnensa.

“Wani abokina ne yake da 'yar matsala.”

“Wane abokin naka ne ban sani ba?”

“Ba ka san shi ba. Jini yake gani.”

“Jini?” Mai walda ya ɗage baƙin gilashinsa. “Ta ina?”

Mai gyaran fanka ya leƙo daga shagonsa. Mai Kushin ya yi kamar yana duba wata ƙofar ƙarfe, sannan ya nuna bayansa da babban yatsa, a ɓoye.

“Au, basir!” in ji mai walda da muryar da ta sa tattabaru suka tashi daga rufin. “Ka ce wa abokin naka ya daina zama kan gwangwanin fenti yini guda yana ɗinki. Ai ina ganinsa.”

Duk da haka bai bar shi hannu rabbana ba. Ya tura shi wurin wani mai sayar da magani a bayan mota, mai lasifika, wanda kwalbarsa ɗaya ke maganin basir, ciwon baya, mantuwa da rashin ciniki. Mai Kushin ya saya ya ɓoye cikin tarin soso. Maganin baƙi ne, ɗaci kamar an dafa tsohuwar taya. Ya toshe hanci ya sha. Kwana biyu ya yi yana sintiri tsakanin shago da banɗakin tasha, har mai tsaron wurin ya daina karɓar kuɗinsa don tausayi. Jini kuwa sai abin da ya ƙaru.

Ya ce to bari ya gwada kemis. Ya shirya maganarsa tun daga hanya, ya maimaita ta har ta zauna. Yana shiga sai yarinyar da ke bayan kanta ta washe baki.

“Lah, Baba! Ina wuni? Ya su Mama?”

Ƙawar 'yarsa ce, wadda ta girma tana cin abinci a falonsa.

“Me za a ba ka, Baba?”

“Man goge baki,” in ji shi.

Ya sake komawa wata rana yana fatan ba ita ce a kan aiki ba, ita ce. Ya sake komawa, ita ce dai. Kafin a jima tagar banɗakinsu ta cika da man goge baki, matarsa tana jera su tana kallonsa.

Daga ƙarshe ya yi ta maza. Ya sa rigarsa ta fita, ya hau mota zuwa wani asibitin kuɗi da ke can nesa da unguwarsu, inda ba wanda ya san shi. Wuri ne mai sanyi da ƙamshi, ƙasa tana ƙyalli har ya ji kunyar takalminsa. Wata budurwa a bayan tebur ta yi masa murmushi.

“Sannu da zuwa, Baba. Kana da inshora?”

“Ba ni da mota.”

“Ta lafiya nake nufi. Ba a yi muku a wurin aiki ba?”

“'Yata, ni ne wurin aikin. Ni ne manaja, ni ne mai shara.”

Ta ce ba komai, zai iya biya da kansa. Cikin ladabi ta fara jero masa: kuɗin buɗe kati, kuɗin ganin likita, sannan gwaje-gwaje, waɗanda sai likita ya gani za a san adadinsu. Mai Kushin ya saurara har ta kai aya. Ya tambaya ko a cikin kuɗin har da abinci da wurin kwana na wata guda. Ta yi dariya, ta ɗauka wasa yake yi. Ya dafa aljihu, ya ce ya tuna ya bar shago a buɗe, yanzu zai dawo.

A motar komawa ya zauna a gefen ɗuwawu ɗaya yana tunani. In ya sayar da keken ɗinkinsa zai ga likita, amma da me za a ci abinci bayan ya gan shi? Ya ga gara ya mutu da keke ya bar wa iyali, da ya mutu ba keke. Da wannan lissafin ya iso gida, ya tarar da matarsa a tsakar gida tana shanya.

Ba ta yi masa sannu da zuwa ba. Ta ɗaga gajeren wandonsa da ta wanke, ta karkaɗe shi, ta rataya.

“Maigida, an ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. To ranar wanki fa?”

Ya kalli wandon, ita kuwa ta ci gaba.

“Tun makon farko na gani. Na yi shiru in ga ko za ka faɗa da bakinka, sai na ga ka koma saye mana man goge baki. Da baki ne ke jinin ai da tuni ka warke.”

Ya zauna kan bokitin da ta kife. Abin da ya yi makonni yana dannewa ya fito gaba ɗaya, har da ubangidansa, har da asibiti mai sanyi, har da maganar keke. Ta saurara, idonta ya kawo ruwa, ta goge da bayan hannu mai kumfa, sannan ta hau shi da faɗa.

“Wato har ka gama mutuwa ka raba gado ba ka shawarce ni ba! Gobe da safe za mu ƙaramin asibitin nan na bayan makaranta. Gwargwadon ƙarfin mutum suke karɓa, wanda ba shi da shi ma ba sa korar sa.”

“Wancan ai na mata ne da jarirai.”

“To gobe za su ga babban jariri.”

Haka kuwa aka yi. Ya sami kansa a kan dogon benci, mai goyo a dama, mai ciki a hagu, wani jariri yana ja masa hula. Da layi ya zo kansa, wata nas mai ƙiba ta ɗago daga rubutunta.

“Baba, me ke damunka?”

“Ciki ne, haka-haka dai.”

“Jini yake zubarwa in ya je bayan gida,” in ji matarsa daga bayansa, da muryar kiran yara cin abinci. “Ya fi wata.”

Mai Kushin ya so ƙasa ta tsage. Ya saci kallon benci. Ba wadda ta ko ɗago, kowa na fama da nata. Nas ɗin ma rubutawa kawai ta yi, kamar an ce mata mura, ta tambayi sana'arsa da yawan bakin da yake ciyarwa, ta faɗi abin da zai biya. Ya sa ta maimaita, don ya zaci bai ji daidai ba. Kwalbar mai lasifika ta fi haka tsada.

Addu'a ɗaya ya yi ta yi a zuci, Allah ya sa likitan namiji ne, tsoho, in da hali mai raunin gani. Aka buɗe ƙofa, sai ga mace, 'yar siririya mai tabarau, ba ta fi sa'ar babbar 'yarsa ba. Ta yi masa tambayoyi ba kwana-kwana: jinin ja ne ko baƙi, da zafi ko babu, ya rame ko bai rame ba, akwai mai irin wannan a danginsu? Yana amsawa yana kallon silin, matarsa tana gyara masa amsoshin.

“To Baba, hau gadon nan. Ka kwanta ta hagu, ka naɗe gwiwa zuwa ƙirji.”

“Ba za a iya ganewa daga nan ba?”

“Kai kana gyara kujera ba ka juya ta ba?”

Aka ja labule, ya hau, ya juya wa duniya baya. Yana jin ƙarar safar hannu ya rufe ido, ya sake buɗewa, sai ga hancinsa daf da ledar gadon. Ta yage tun daga kusurwa, soso ya leƙo, wani kuma ya bi yagewar da filastar ciwo ya manne. Ransa ya ɓaci har ya manta halin da yake ciki.

“Likita, wane mara tsoron Allah ne ya yi muku wannan aikin?”

“Ni ce. Saki jikinka, Baba.”

Kafin ya gama neman kalmar ban haƙuri ta ce ya tashi, an gama.

Ta ce basir ne, kuma ya yi girma, dogon zama da yunƙuri ne suka jawo shi. Ta rubuta masa magani, ta ce ya yawaita ruwa da ganye da 'ya'yan itace, ya riƙa miƙewa yana takawa, wayar kuma ta daina raka shi banɗaki. Matarsa ta yi wani tari mai ma'ana. Mai Kushin ya ji kamar an sauke masa buhun siminti daga ka, har ya fara laluben takalmi.

“Ban gama ba,” in ji likita. “A shekarunka ba na tsayawa a kan basir kawai. Yana iya zama shi kaɗai ne, yana iya rufe wani abu a can ciki. Sai an sa kyamara an duba hanjin.”

“Kyamara? Ta ina?”

Ta dube shi ta saman tabarau. Ya ce ya gane.

Ta tura shi babban asibitin gwamnati, ta gaya wa matarsa ofishin da za su fara zuwa, inda ake rage wa marasa inshora kuɗin irin wannan aiki. An sha zirga-zirga kam. Yau mai sa hannu bai zo ba, gobe a dawo da hoto, jibi layi ya kai bakin titi. Matarsa ce ke gaba da jakarta a hammata, shi yana biye kamar ɗan da za a kai makaranta. A ƙarshe aka rage, 'yarsu da mijinta suka cika sauran, keken ɗinki ya tsira. Aka ba shi rana, makonni masu yawa a gaba. Maganin likita ya tsayar da jinin tun kafin ranar, har ya fara cewa ai ba sai an je ba. Matarsa ta ce ko a ɗaure sai ya je.

Ana gobe aiki aka hana shi abinci, aka ba shi wani ruwa ya sha don wanke ciki. Ya ce ashe mai lasifika ɗan koyo ne. Da safe aka sa masa wata riga mai buɗaɗɗen baya, ya bi bango da ita kamar ƙadangare har ɗakin aikin. Aka yi masa allura. Ya tuna yana gaya wa wani likita mai takunkumi cewa in yana da kujera ya kawo, zai yi masa ragi. Abu na gaba da ya sani, matarsa ce zaune kusa da shi tana yi masa fifita.

“Yaushe za su fara?”

“Sun gama tun ɗazu. Ka yi ta minshari har nas tana dariya.”

Sun sami wani ɗan tsiro a hanjin, bai fi ƙwayar wake ba, sun cire shi nan take. Da sakamakon gwaji ya fito aka ce ba daji ba ne, amma irin wanda in an bar shi shekaru yakan rikiɗe ne. Ba ma shi ke zubar da jinin ba, basir ɗin ne ya yi ƙara har aka kai gare shi. Mai Kushin da matarsa suka hau motar gida. Sai da suka kusa sauka ya ce, “Da ubangidana ya sami mai ja masa kunne irinki, da wataƙila ya ga jikokinsa.” Ta ce ya bari kawai, ta riƙe masa hannu suka tsallaka titi.

Lafiya na dawowa hali ya dawo. Ya je ƙaramin asibitin da kansa ya ɗauko gadon likita a kan amalanke, ya ce kyauta zai gyara, su aiko gobe. Sai da nas mai ƙiba ta zo shagon da ƙafarta ta tsaya a kansa kafin gadon ya koma, amma ya koma da sabuwar leda da ɗinkin da ba a taɓa gani ba a unguwar.

Ana cikin haka, wata ranar hutu suna karyawa, sai suka ji salati da kuka daga bakin ƙofa. Yayarsa ce, wadda ke aure a wani gari mai nisa, da ƙatuwar jaka a ka. Ashe 'yarsa ce ta kira ta a waya ta ce an yi wa Baba ɗan aiki an cire wani abu. Kafin labarin ya gama zaga dangi ya dawo kunnenta, an cire masa rabin hanji kuma ba ya gane mutane. Ta faɗo falon tana “Wayyo ɗan'uwana!” sai ta gan shi zaune da kwano a gaba, kumatu cike.

Kukan ya tsaya. Ta dube shi sama da ƙasa.

“Kai ne mara lafiyar?”

“Na warke, Yaya.”

“Ka warke. Na rufe gida, na bar awakina a hannun maƙwabta, na yini a mota, kai kana nan kana cika ciki.” Ta sauke jakar, ta ja kujera. “To tunda na zo sai na yi jinyar. Miƙo kwanon nan in ga abin da ake ba ka.”

Wata guda ta yi. Ta karɓe kicin daga hannun matarsa, ta dafa masa ganye har ya ce ya fara jin yana son yin kuka irin na tumaki. Kowace safiya kuma, da ya shiga banɗaki, sai ta zo ta tsaya a bakin ƙofa ta ƙwanƙwasa.

“Auta! Ka duba? Akwai ko babu?”

“Babu, Yaya.”

“Ɗaga murya, ban ji ba!”

“Na ce babu!”

Daga ɗakin maƙwabta wani ya amsa, “Alhamdu lillahi!”